Inda Malam Ishmael Yake Yanke Fim

Duk wanda ya tashi a Jimeta tsakanin ƙarshen yaƙin basasa da shigowar bidiyo cikin gidaje, ya san muryar Ishmael tun kafin ya san fuskarsa. Muryar tana fitowa ne daga wata lasifika da aka ɗaure a jikin ƙarfe, gefen farin bangon da ake haska fim a silimar Oga Theophilus, can bayan kasuwa. Silimar ba ta da rufi. Bencina ne a jere a kan siminti, sai ɗan ɗaki a sama da ake hawa da tsani, inda injin yake. A wannan ɗaki Ishmael ya yi ƙuruciyarsa da rabin girmansa.

Ba don wannan aiki aka yi masa tarbiyya ba. A wani ƙauye aka haife shi, a gindin duwatsun Michika, ya yi makarantar mishan, inda aka koya masa rubutu mai kwanciya da Turanci mai tsabta da yadda ake tsayawa a miƙe idan babba na magana. Malamansa sun so ya wuce makarantar Littafi Mai Tsarki. Shi kuwa sai ya sauko Jimeta neman aikin akawu, bai samu ba, ya ɓuge da ɗaukar gwangwanayen fim daga tasha zuwa silima. Da Oga Theophilus ya lura yaron yana karanta rubutun Turancin da ke fitowa a ƙasan hoto kafin ya ɓace, sai ya miƙa masa abin magana, ya ce ya riƙa juya wa mutane da Hausa. Daga baya ya koyi injin ma, ya haɗa aiki biyu, hannu a kan inji, baki a kan abin magana.

Fim ɗin Indiya shi ke cika silimar, wannan ba a musu. Amma zuciyar Ishmael tana wurin waɗanda ake sawa a tsakiyar mako, wato na kaboyi, da tsofaffin finafinan Japan marasa kala da dillalai ke cusowa cikin kaya kamar gyara. Mutane suna kiran na Japan ɗin Canis, shi kuma bai taɓa gajiya da gyara musu ba. Yakan ce ɗan Canis tsalle yake yi, samurai kuwa tsayawa yake yi. Abin da ya kama shi ke nan, tsayawar. Mutum biyu su fuskanci juna, iska na kaɗa ciyawa, ba mai motsi, har mai sayar da rake a bakin ƙofa ya daina kiran ciniki. A irin wannan wuri Ishmael yakan rage murya ya ce a dubi ƙafar mutumin, a bar kallon takobin, domin ƙafa ce ke fara faɗin abin da zuciya ta yanke. Ya koya wa Jimeta lura da yadda samurai yake durƙusawa ya ajiye takobinsa kafin ya karɓi ƙoƙon shinkafa, da yadda kaboyi yake shayar da dokinsa kafin shi ya sha. A ganinsa mutum ɗaya ne, wani lokaci ya sa malafa ya hau doki a ƙasa mai faɗi kamar hanyar Numan, wani lokaci ya ɗaure gashi ya bi ta duwatsu masu kama da na garinsu. Baƙo ne, ba ya yawan magana, ya tarar da mutane cikin wahala, ya kasa wucewa.

Bambancin dai guda ne. Kaboyi yakan gama aikinsa ya hau doki ya tafi. Samurai sau da yawa ba ya tashi daga inda ya gama.

Ranar da aka fara haska irin wannan ƙarshen a Jimeta, ba a watse lafiya ba. Fim ne na wani tsohon mai takobi da ya tsare gadar katako a cikin ruwan sama, har mutanen wani ƙauye suka haye da 'ya'yansu da tsofaffinsu. Da mahara suka janye, ya tsaya a tsakiyar gadar ya goge takobinsa ya dubi duwatsu. 'Yan kallo suka yi tafi. Sai kuma aka ga gwiwarsa ta sage, ashe tuni an sare shi a ciki, ya durƙusa, ya kife, wata tsohuwa ta dawo ta rufe shi da tabarma. Aka fara jifan bango da ɓawon rake, aka koma jifan ɗakin inji da duwatsu, aka karya benci. Washegari Oga Theophilus ya hau tsanin da kansa, abin da bai saba ba, yana haki, ya ce da irin Hausarsa, “Ishmael, mutanen nan ya zo ganin ekta ya ci, ba ya zo jana'iza ba. Ka yanke shi.”

Ishmael ya yi gardama, ya ce ai ƙarshen shi ne fim ɗin. Oga Theophilus ya ce to ya riƙa kallon ƙarshen shi kaɗai, ba wanda ya hana shi.

Haka kuwa aka yi. Duk sabon gwangwanin da ya iso, Ishmael yakan rufe kansa a ɗakin inji da rana, ya haska a jikin bango, ya kalla har ƙarshe. Idan jarumin zai mutu, sai ya koma baya a hankali ya nemo wurin da mutumin yake tsaye da ƙafafunsa, fuskarsa a sama, ya sa alamar alli a gefen zaren fim. Lokacin kallo, da alamar ta zo, sai ya kare hasken da tafin hannunsa, ya kunna fitilun fili, ya ce cikin lasifika, “Haka ya kama hanya, ya wuce wani gari.” Mutane su tashi suna murna. Fim ɗin gadar nan, wanda Jimeta ta sa wa suna Mai Gada, an maimaita shi ya fi a ƙirga, waɗanda suka yi jifa a karon farko ma suka yarda cewa wancan kuskuren inji ne. Ishmael ya ƙware a yankan har ya zama yana alfahari da shi a ɓoye. Ba ko'ina ake yanka ba, yakan ce wa matarsa Keturah, akwai numfashi guda da idan ka wuce shi ka makara.

A waɗannan shekaru ƙanensa Zadok ya zauna tare da shi yana karatun malanta. Zadok ne ya fara kiransa Hamma, yadda Fulanin unguwa ke kiran yayyensu, da wasa ya fara, sunan ya zauna. Ba ya biyan kuɗin shiga, ta tsani yake hawa, ya zauna a kan akwatin gwangwanaye yana leƙe ta tagar inji. Da ya gama karatu ya koma gida ya koyar a firamare har ya yi ritaya. Ɗa guda Ubangiji ya bar masa, Jerry, kuma da yaron ya isa sakandare sai aka turo shi unguwar Rumde a Jimeta, gidan Bappa Ishmael. A lokacin silima ta mutu, an mai da filin wurin ajiye buhunan siminti, Ishmael yana gyaran rediyo da bidiyo a wata 'yar rumfa. Amma ya tara kaset-kaset na tsofaffin finafinansa, ranar Lahadi bayan sujada yakan sa wa yaran gida, ya zauna gefe yana fassara. Ko a nan ma, idan an zo gada, sai ya danna ya tsayar. Hannunsa ya riga ya saba, kuma ba ya son ganin yara suna kuka kafin cin abinci.

Shekara ta dubu biyu da goma sha huɗu, wajen ƙarshen damina, mutanen arewacin jihar suka fara kwararowa Yola suna gudun hare-haren 'yan bindiga. Gidan Ishmael mai ɗaki uku ya ɗauki mutanen da shi kansa bai san iyakarsu ba, ana kwana a zaure, ana kwana a gindin mangwaro. A cikinsu akwai Zadok, da ƙafafu a kumbure, da Hilda matar Jerry, 'yar Numan, wadda ba ta cika shekara biyu da aure ba. Jerry ne ya fito da su a kan babur har bakin babbar hanya, ya sa su a motar itace, ya ce zai koma ya kwaso tsofaffin da suka kasa hawa dutse, zai same su a Rumde. Bai iso ba. Wayarsa ta yi ta ƙara ba a ɗauka, daga baya ta daina shiga.

Wata Lahadi Ishmael ya sa fim ɗin kaboyi don ya ɗebe wa baƙinsa kewa. Harbin farko, wata mata ta saki tukunyar miya, yara suka shige ƙarƙashin gado, wani dattijo ya tsallake katanga bai san ya yi ba. Ishmael ya kashe, ya tattara na kaboyi duka ya sa a kwali ya tura ƙarƙashin gadonsa. Bai sake fito da su ba sai bayan shekaru.

Sannu a hankali baƙi suka ragu, wasu suka koma sansani, wasu suka sami dangi. Zadok da Hilda suka rage. Zadok ya sami wurin zamansa a kan benci a ƙofar gida, inda ake hango kwanar da Keke Napep ke sauke mutane. Kullum wayarsa a cike take da caji, ko da zai bi maƙwabta masu janareto yana roƙo. Idan an ba shi nama a miya sai ya tura gefe ya ce yaron nan zai zo da yunwa, sai Keturah ta yi masa faɗa kafin ya ci. Hawan jini ya kama shi, likita ya ce a kiyaye masa tashin hankali.

Bayan Kirsimeti aka aiko wa Hilda cewa akwai mutumin ƙauyen mijinta a sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi da yake neman wani daga gidan Malam Zadok. Ishmael ya ce wa ƙanensa za su asibiti, suka hau keke shi da ita. Mutumin Muhsin ne, mai shagon da ke kallon makarantar da Zadok ya koyar. Ya rame har Hilda ba ta gane shi ba sai da ya yi magana. Ya shimfiɗa musu buhu a inuwar tanti, ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi jikin Malam, ya tambayi hanya, sannan ya faɗa. Jerry ya yi sawu uku yana kai tsofaffi bakin rafi. A na huɗu aka tare shi. Muhsin yana ɓoye cikin dawa, ya gani da idonsa, kuma da gari ya yi shiru shi da wani suka haƙa rami a gefen gonar suka sa shi. Ya ce bai san addu'ar da Kirista ke yi ba, ya dai yi wadda ya sani, a yafe masa idan ya yi ba daidai ba. Ya shiga tanti ya fito da makullin babur da ke ɗaure da igiyar roba ja, ya ajiye a gaban Ishmael.

Hilda ta buɗe baki za ta yi kuka, sai ta dubi Ishmael, ta mayar. Ta san al'adar gidan da ta shiga. A wurinsu mutuwar ɗa ba a jin ta a bakin mace, ko a bakin yaro, ko a waya. Babban gida ne zai zaunar da uban, ya dafa gwiwarsa, ya faɗa masa da bakinsa. Kafin nan ba a ɗaga murya, ba a karɓar gaisuwa, Fasto ba ya sa ranar sujadar tunawa, matar kuma tana nan matar aure, danginta ba su da ikon zuwa su ɗauke ta. Babban gida kuwa Ishmael ne, ba wani.

A cikin keke ya ce mata gobe da safe zai faɗa. Ta ce to, Baba.

Da safe ya fito ya sami Zadok a kan benci yana goge gilashin wayarsa da bakin riga. Ya zauna kusa da shi, ya ɗaga hannu zai dafa gwiwar, sai Zadok ya ce ya yi mafarkin yaron nan, ya gan shi ya yi ƙiba, wai a Kamaru yake. Ishmael ya mai da hannun kan tasa gwiwar ya ce Allah ya sa. Ya sake gwadawa a hanyar coci, ya sake gwadawa ranar da suka je karɓo magani. Kowane karo maganar takan taho har maƙogwaro, sai ya ga fuskar ƙanensa a sama, mutum a tsaye da ƙafafunsa, sai wani abu a cikinsa ya ce nan ne, kada ka wuce nan. Mutumin da ya yi shekaru yana magana da ɗaruruwan mutane a lasifika ya rasa kalma huɗu. Magana zarar bunu ce, ya sani, kuma ya san wannan idan ya zare ta rufin gaba ɗaya zai biyo.

Makullin babur yana aljihunsa, yana jin sa a cinya duk inda ya zauna.

Hilda ta koyi yin kuka a lokacin daka, domin ƙarar turmi tana rufewa. Tana kai wa surukinta abinci ta durƙusa, ya ce mata ta ƙara haƙuri, mijinta na hanya, ta ce to, Baba. Keturah ta yi wa mijinta magana a hankali, ta yi da faɗa, ta yi da shiru na kwanaki. Ta ce yarinyar nan tana bin bango, ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba, an kuma hana ta hawaye, wannan wane irin tausayi ne da yake cin mutum ɗaya don ya ciyar da wani. Fasto ya zo ya ce idan abin ya yi nauyi shi zai faɗa. Ishmael ya ƙi, ya ce yana raye ba za a ce baƙo ya shiga tsakaninsa da ɗan uwarsa ba. Yayan Hilda ya zo daga Numan ya zauna a zaure, ya sha ruwa, ya yi magana cikin ladabi, ya ce su ba sa gaggawa, amma suna so su san matsayin 'yarsu. Ishmael ya ce a ba shi ɗan lokaci.

Da azumin Ista ya kusa ƙarewa sai dabara ta zo masa, irin dabarar da ba wanda za ta zo wa sai shi. Yana da Mai Gada a faifai, wani ɗan kasuwa ya taɓa nemo masa daga Onitsha. Babu bindiga a ciki, ruwan sama ne da takobi. Zai zaunar da Zadok su kalla kamar dā, amma wannan karon ba zai yanke ba. Zai bar tsohon ya durƙusa, ya kife, a rufe shi da tabarma. Idan Zadok ya juyo ya ce ashe mutuwa ya yi, sai shi kuma ya dafa gwiwarsa, ya fito da makullin. Fim ɗin zai buɗe ƙofar, shi shiga kawai zai yi. Ya gaya wa Keturah, ta dube shi ta ce ko ta wace hanya ce dai a isa. Ya gaya wa Hilda ta zauna kusa, bayan labule.

Ranar Asabar da la'asar ya aro janareto, ya rataya barguna a tagogi har falon ya yi duhu. Zadok ya shigo yana dogara sanda yana dariya, ya tambaya ko yau ma ta tsani zai hau, ko an fara karɓar kuɗin ƙofa. Ishmael ya ce wanda bai biya ba tun yana saurayi ba yanzu zai fara ba. Suka zauna a kujera ɗaya, wayar Zadok a kan cinyarsa.

Da hoton ya fito, Ishmael ya rage sautin, muryar nan ta dā ta dawo masa ba tare da ya nema ba. Ya fassara gaisuwar tsohon da mai gidan baƙi, ya fassara gardamar manoma a kan ko su gudu ko su tsaya. Zadok yana riga shi faɗin wasu wuraren, yana cewa a dā ba haka ya juya wannan ba, a dā ya ce tsohuwar ta kira mai unguwa ragon namiji. Ishmael ya ce tsufa ne ya sa ya fara jin kunya. Da aka zo inda tsohon ya ɗaure hannun rigarsa da igiya ya taka kan gada, Zadok ya daina dariya. Ruwa yana zuba a kan katako, mata suna wucewa da goyo, wani saurayi yana ɗauke da kakarsa a baya. “Dubi ƙafarsa,” in ji Ishmael a hankali, Zadok ya ce yana gani.

Mahara suka janye. Tsohon ya tsaya a tsakiyar gada, ya goge takobin, ya ɗaga kai ya dubi duwatsu. Ishmael ya ajiye rimot a kan tebur, ya sa hannu a aljihu ya kama makullin.

“Hamma,” in ji Zadok. “Nan ne.”

“Nan ne me?”

“Nan kake kunna fitila.”

Ishmael ya ce akwai saura kaɗan, wanda bai taɓa nuna masa ba, ya kamata ya gani.

“Na gani,” in ji Zadok, idonsa a kan hoton. “A Jos, shekarar da aka tura mu kwas. Na shiga silima na ga Mai Gada ne, na ce wa abokaina na san shi, ekta zai wuce wani gari. Suka yi ta yi mini dariya da aka tashi. Ban taɓa gaya maka ba.” Ya gyara zaman wayar a cinyarsa. “Nasu ya fi gaskiya. Naka ya fi zama a ciki.”

A kan hoton gwiwar tsohon ta fara rawa.

“Ka tsayar, Hamma. Ina roƙonka. Ni nan nake so.”

Ya juyo suka haɗa ido cikin hasken talabijin, a nan Ishmael ya ga abin da bai shirya masa ba. Babu tambaya a fuskar ƙanensa. Mutum ne da ya ga an tafi asibiti an dawo ba magani, ya ji yadda turmi ke daɗewa, ya ga baƙo daga Numan ya zo ya tafi ba a kira shi ba. Ishmael ya ji labule ya motsa a bayansu. Ya san wadda ke tsaye a wurin, ya san abin da take jira, ya san kuma numfashi guda ya rage. Hannunsa ya saki makullin, ya fita daga aljihu, ya ɗauki rimot ya danna. Tsohon ya daskare a tsakiyar gada, a tsaye, ruwan sama ya tsaya a iska.

Janareto yana ta ƙara a waje. Zadok ya ce, “Ba ka faɗa ba.”

Ishmael ya ajiye rimot. “Haka ya kama hanya,” ya ce, muryar ba ta fita sosai ba, “ya wuce wani gari.”

Zadok ya gyaɗa kai, ya ɗauki wayarsa da sandarsa, ya ce bari ya koma ƙofar gida kafin rana ta faɗi. Bayan labule ba kowa. Can sai aka ji turmi, alhali an riga an gama dakan ranar.

Hilda ta zauna har damina ta sake zagayowa, sannan ta ce za ta je ganin gida. Zadok ya sa mata albarka, ya ce idan Jerry ya iso zai turo shi ya ɗauko ta. Ta durƙusa ta yi wa Ishmael sallama da duk ladabin da ya kamata, ba ta ɗaga ido ba. A Numan ta sami aikin koyarwa a makarantar yara. An ce wani malamin asibiti, mutumin kirki, ya nemi aurenta, dattawan cocinsu suka ce ba za su ɗaura ba sai gidan su Jerry sun tabbatar da mutuwarsa a gaban ikilisiya. Yayanta ya sake zuwa Rumde. Ishmael ya ba shi ruwa, ya saurare shi, ya ce a ƙara masa lokaci. Malamin asibitin ya jira iyakar jiransa, ya auri wata.

Da hanya ta buɗe mutane suka fara komawa Michika, Zadok ya ƙi tafiya, ya ce nan yaron ya ce a jira shi. Ya yi shekara biyar a kan bencin nan. Wata safiya Keturah ta kai masa kunu ta tarar ya jingina da bango, wayar a hannunsa, caji a cike. A wurin jana'izarsa ne Ishmael ya miƙe, ya fito da makullin babur, ya faɗa wa ikilisiya abin da kowa ya riga ya sani, Fasto ya karanta suna biyu. Hilda ta zo. Mata suka kewaye ta suna jira ta yi kukan da aka hana ta, ta zauna da hannuwa a cinya, idonta a bushe, har aka watse.

Malam Ishmael yana nan a Rumde. Yanar ido ta rufe masa gani, sai haske da inuwa. Keturah ta riga shi tafiya. Jikarsa Debbie, wadda ke karatu a Yola, ta sauke masa tsofaffin finafinan a waya, takan jingina ta da kwalbar ruwa ta ƙara sauti, shi kuma daga ƙarar takalmi da kukan doki yake gane inda aka kai, ya riƙa faɗa mata abin da ke faruwa kafin ta gani. Ta ce na kaboyi sun fi mata, na Japan jinkiri ya yi musu yawa. Yakan ce ta bari ta girma.

Hilda takan zo duk Kirsimeti da ƙullin busasshen kifi. Takan durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi jiki, ta tambayi ido, ya tambayi makaranta. Ba ta taɓa ce masa komai a kan wancan la'asar ba, ba ta kuma taɓa zama ta ci abinci ba. Bara da ta tashi tafiya ya kira sunanta, ta tsaya a bakin ƙofa. Ya daɗe yana motsa baki. Daga ƙarshe ya ce ta gaida mutanen Numan, ta ce za su ji, Baba.

Mai Gada kuwa Debbie ta daina sa masa. Ta ce duk lokacin da ruwan saman nan ya fara zuba a kan katako, sai Kaka ya ɗaga tafin hannunsa ya riƙe shi a iska, ba ya cewa a tsayar, ba ya cewa a bari, har fim ɗin ya ƙare hannun yana sama, sai ta zo ta sauke masa shi.